Shekarar da Motar Umaru Ta Mutu a Hannuna

Kun taso kun tarar da ni a 'yar rumfar nan ta bakin hanya, da kwamfuta a cikin jaka, kuma na san kun sha jin cewa a da garejina ne babba a Bagudo. Wasu sun gaya muku hassada ce ta rushe shi, wasu sun ce kunya ce ta kore ni zuwa ƙasar Benin. Yayanku Nasiru ya taɓa dawowa gida da leɓe a fashe saboda wannan magana, bai kuwa gaya mini dalili ba, sai daga baya na ji a bakin mahaifiyarku. Babu hassadar kowa a ciki. Zan rubuta abin yadda ya faru tun da sauran waɗanda suka gani da idonsu, don wanda ya ga na ƙara ko na rage ya gyara mini.

A lokacin ina da shekara hamsin da ɗaya, na kuma haura shekara talatin ina kanikanci. Injunan da na girma a kansu masu kafireta ne, tsohon yayi, ba su da ɓoye-ɓoye. In mota ta zo, sai in ɗora bakin sukundireba a jikin injin, in kara ƙotar a kunnena, in gaya wa mai ita abin da ke damunta tun bai gama gaisuwa ba. Da motocin Kwatano suka yawaita, waɗanda Turawa suka gama hawa aka loda su a jirgin ruwa, sai muka samo musu wani gyara da kowane bakanike a yankinmu yake yi. Akwai wani ɗan ƙarfe a hanyar ruwan inji, tamostat muke ce masa, shi ke tare ruwa har sai injin ya ɗauki zafi. Mu kuwa muka ce zafi ai shi ne abin da muka fi kowa, sai mu cire shi mu jefar. Mu haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tayarwa har kashewa, mu zuba baƙin mai mai kauri. Haka na yi wa motoci ba iyaka, tsofaffin injunan nan suka haƙura suka ci gaba da aiki, ni kuma na ɗauka ilmi ne.

Umaru, wanda kuke kira Baba Umaru, ɗan Gwaggo Ige ne, yayar mahaifina. Taubashina ne ke nan, kuma sa'ana, wata uku ne tsakaninmu. A al'ada ni ne ubangida tunda ni ne ɗan namiji, amma bai taɓa yarda ba. Ko a gaban manyan mutane muka haɗu sai ya ɗaga murya ya ce ga bawansa nan ya iso. Shekara ashirin da wani abu ya yi yana tuƙa motocin mutane, daga Bagudo zuwa Kamba, zuwa Ka'oje, zuwa duk inda kasuwa take ci. Bayan kaka ta wannan shekarar ya sayar da shanun da ya daɗe yana tarawa a hannun wani Bafulatani amininsa, bai bar ko maraƙi ba, ya zo gareji ya same ni a ƙarƙashin wata mota, ya taɓa ƙafata da tasa.

"Bawana, hito. Kwatano za mu. Kunnenka nika so, ba kai ba, sai dai ba a raba ku."

Muka bi ta Tsamiya muka shiga Benin, muka ratsa Sagbana da Kandi, muka gangara kudu. A filin sayar da motoci na Kwatano muka zaga kwana biyu, har muka tsaya a kan bas guda biyu masu shan gas. Suna ɗaya, fasali ɗaya, har launin duk fari ne. Dillalin, wani Bahaushe da ya daɗe a can, ya ce ɗaya daga ƙasar Larabawa ta fito, ɗayar kuma daga wata ƙasar Turai mai sanyi. Ta Larabawan ta fi tsufa, kujerunta sun ƙoƙe, injinta yana da ƙara. Ta Turan kuwa da aka tayar da ita sai da na dafa ta kafin na tabbata tana aiki. Dillalin ya buɗe su duka biyun ya nuna mini cewa lagireton ta Larabawan ya fi faɗi, matatar iskarta ma ta fi girma. Ya ce shi da zai ba da shawara, ita za a ɗauka. Na ɗauka yana neman ya rabu da tsohon kaya ne. Na kara sukundireba a kunnena, na saurari ta Turan, ban ji komai ba sai lafiya. Umaru ya dube ni, na gyaɗa kai, shi ke nan ciniki ya faɗa.

A hanyar dawowa muka tsaya a Kandi don a ɗaure mana wani bel da ya saki. Garejin da muka shiga na wani Badendi ne mai suna Isiyaka, wanda a haife na kusa haifarsa. Yana jin Hausa sosai, sai dai harshen Dendi yana fitowa a cikinta. Ya buɗe ƙofar direba, ya durƙusa ya karanta wata 'yar takarda da ke liƙe a jikin ƙarfen ƙofar, ya daɗe a kanta, sannan ya miƙe.

"Baba, motar ga don ƙasar sanyi anka yi ta. Tana da kyau, amma tana da sharaɗi. Kada a cire mata komai, kada a sa mata mai mai kauri. In wata wuta ta kama a gaban direba, ku kawo ta in duba."

Na yi masa godiya irin wadda babba yake yi wa yaro in ya yi ƙoƙari. Da muka hau hanya Umaru ya tambaye ni me nake gani, na ce lokacin da na fara kwance inji ba a haifi wannan ba. Washegarin isowarmu Bagudo na cire mata tamostat, na haɗa fanka kai tsaye, na juye siririn man da ta zo da shi, wanda na ga kamar ruwa ne, na cika ta da mai kauri.

Wata biyu tana aiki kamar ba za ta taɓa tsayawa ba. Umaru ya sa aka rubuta sunan Gwaggo a gilashin baya. Fasinjoji suna barin motar da ke kan layi su jira tasa saboda taushinta. A wata na uku wata 'yar wuta ruwan ɗorawa ta kama a gabansa. Ya kawo ta, na duba ruwa, na duba mai, na saurare ta, ban ji komai ba. Ya tuna mini da maganar yaron Kandi. Na ce motocin Turawa haka suke da tsegumi, ko ƙura ce ta taɓa waya sai su kunna wuta. Ya ce wutar tana ɗauke masa hankali in yana tuƙi. Na yanko baƙin salatif na liƙe ta. Bayan sati biyu ya sake dawowa da wata magana, yana dariya.

"Bawana, ka taɓa ganin motar da baƙin manta ka ƙaruwa? Kullum in na auna sai in ga ya hau."

"To, mi kake so? Wasu na kukan inji na shanye masu mai, kai naka yana haihuwa. Tahi ka gode Allah."

Muka yi dariya, ya tafi. Wannan dariyar tana cikin abubuwan da har yau nake neman gafararsu.

Ranar wata kasuwar Ka'oje, cikin tsananin bazara, ya cika mota da fasinja. Gwaggo Ige tana gaba kusa da ƙofa, za ta suna. Abin da ya biyo baya ba a gabana aka yi ba, daga bakin Umaru da na fasinjoji na ji shi. Sun haye gadar Tuga da kaɗan sai injin ya fara ƙara gudu da kansa. Umaru ya ɗage ƙafa daga totur, ƙarar ba ta ragu ba. Ya taka kuloci ya taka birki ya sauka gefen titi, ya kashe makulli, ya zare shi gaba ɗaya. Ya ce yana riƙe da makullin a tafin hannunsa, injin kuwa yana ta kururuwa, farin hayaƙi ya rufe hanya har ba a ganin gaba. Mutane suka ɗauka wuta ce, suka riƙa fita ta ƙofa da ta taga. Gwaggo ta buɗe tata ƙofar, wanda ke kusa da ita ya turo ta, kujerar gaba kuwa tana da tsawo, ta faɗo a kan bakin kwalbati. Injin ya yi ta yi har aka ji wata ƙara kamar ta bindiga, wani ƙarfe ya huda cikinsa ya fito, sannan ya yi shiru. Babu wanda ya mutu. Gwaggo ta karye a ƙashin ƙugu. An kai ta wurin mai ɗori, an kai ta asibiti, amma daga ranar ba ta sake tsayuwa da ƙafarta ba sai an riƙe ta.

Aka jawo motar aka ajiye a garejina. Kafin yamma tasha ta riga ta yanke hukunci. Akwai wani mutum mai suna Manu, Bafulatani ne da shanunsa suka ƙare ya zauna a gari, yana sayar da gas a jarka a bakin tasha. A wurinsa Umaru ya sha mai da safiyar ranar. Aka ce yana gauraya shi da kananzir. Shugaban direbobi ya hana kowa saye a hannunsa, wasu 'yan kamasho suka kifar masa da jarkoki a ƙasa. Da suka zo kallon injin, shugaban ya tambaye ni a gaban mutane abin da na gani. Na ce mai yiwuwa mai ne. Gaskiya a lokacin ban san abin da ya kashe injin ba. Amma na san akwai salatif a gaban direba, kuma kafin su iso na riga na ɓare shi na sa a aljihu.

Kwana tara na yi a haka. A rana ta tara na dawo gida bayan azahar, mahaifiyarku Hajara ta ajiye mini tuwon shinkafa, na ci loma biyu na ture. Ba ta ɗauke kwanon ba, sai ta jawo kujera ta zauna, abin da ba ta saba yi ba da rana tsaka.

"Malam, matar Manu ta zo ɗazu. Kwana uku ke nan ba su ɗora tukunya ba. Ba roƙo ya kawo ta ba. Cewa ta yi in tambaye ka, tunda kai ne masanin inji a garin ga, ko da gaske man mijinta ne."

"Ban sani ba."

"Haka zan ce mata?"

"Haka za ki ce mata, don ban sani ba."

"To, in kai ba ka sani ba, wa ya sani?"

Na miƙe. Na fita na nemi wani direba mai zuwa Sagbana, na ba shi saƙo zuwa Kandi.

Bayan kwana biyu Isiyaka ya iso a kan babur, da jaka a bayansa. Na sallami ma'aikatana, muka rage daga ni sai shi. Ya haɗa batir, ya laluba ƙarƙashin sitiyari ya soka wata waya, ya buɗe kwamfutarsa a kan kujerar da Gwaggo ta zauna. Rubutu ya riƙa fitowa da Faransanci. Ya daɗe yana karantawa, sannan ya zaga ya duba hanyar ruwa, ya ga inda na cire tamostat, ya bi wayar fanka da yatsa, ya lakaci man da ya malale ya shinshina. Bai ɗaga murya ba, bai kuma nuna mini ya taɓa yi mini gargaɗi ba. Ya ce a ƙasar da aka ƙera wa wannan motar, doka ta hana hayaƙi, don haka an sa mata wata matata a cikin salansa mai tare dattin hayaƙin gas. In matatar ta cika, ƙwaƙwalwar motar takan jira injin ya yi zafi sosai, sai ta ƙara fesa gas ta ƙone dattin. Ni kuma na hana injin yin zafi. Ƙwaƙwalwar ta yi ta gwadawa tana kasawa, gas ɗin da take ƙarawa yana zurarewa cikin baƙin mai. Shi ne ƙaruwar da Umaru yake gani. Da man ya cika ya tsinke, sai injin ya fara zuƙarsa yana ƙonawa, makulli kuwa ba shi da iko da wannan.

"Man Manu fa?" na tambaye shi.

"Gas ɗinmu na nan duk bai dace da irin motar ga ba, Baba, na gidan mai da na jarka. Zai gajiyar da ita a hankali. Amma ba shi ya kashe ta ba. Ta rubuta ranar da ta kunna wuta, ta rubuta tsawon tahiyar da anka yi bayan nan. Ta daɗe tana kira."

Ya naɗe wayarsa ya mayar a jaka. Da zai hau babur ya ce shi baƙo ne, aikin da na kira shi ya yi, ba zai ce wa kowa komai ba. Na tsaya ina kallonsa har ya sha kwana. Da na so, da maganar ta tafi Kandi tare da shi.

Washegari da hantsi na je gidan Umaru. Na same shi a zaure yana gyaran wata tsohuwar rediyo, don ba shi da abin yi. Na zauna na gaya masa komai, tun daga bas biyun nan na Kwatano har zuwa amsar da na ba shugaban direbobi. Na ciro salatif ɗin daga aljihu na ajiye a kan tabarma. Ya dube shi, ya ce:

"Na tambaye ka ran nan. Har sau biyu na tambaye ka."

"Ka tambaye ni."

"To, Malam Bello, na ji."

Tun muna yara bai taɓa kirana da wannan sunan ba. Na ce masa akwai fadamar da na gada, ya karɓa ya sayar ya sa wani injin. Ya ce ba zai ci gonar kawunsa ba, kada in sake tayar da zancen. Na ce to zan je tasha in wanke Manu. Nan ne ya ɗago kai. Ya ce abin da ya lalace ya riga ya lalace, kada in ƙara masa da tonon asirin dangi a bakin 'yan tasha, Manu zai samu wata sana'ar. Muna cikin haka sai muryar Gwaggo ta fito daga ɗakin da ke jikin zauren, inda aka kwantar da ita don masu dubiya. Ashe duk tana ji.

"Bello, shigo nan."

Na shiga na durƙusa. Ta rame, an ɗaure mata ƙugu da zane, ɗakin yana warin man zafi.

"Kai kac cire abin?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Da gangan?"

"A'a. Na ɗauka na sani ne."

"Ubanka ma haka yake, Allah ji ƙansa, bai taɓa tambayar hanya ba. Ƙafata dai ta tahi, ba ka iya maido ta. Kai kana da ni, kana da Umaru ko yana hushi. Manu ba shi da gwaggo a garin ga. Tashi ka tahi tasha, kada ka tsaya cin abinci."

Na tafi. Lokacin ana lodin motocin Kamba, tasha a cike. Na sami shugaban direbobi a kan bencinsa, na roƙe shi a kira Manu. Da ya zo, na faɗi abin da na faɗa wa Umaru, da ƙarfi yadda na nesa zai ji. Ban iya tuna kalmomin da na yi amfani da su ba, na dai tuna wani mai sayar da rake ya daina sara ya tsaya yana kallona. Da na gama babu wanda ya zage ni. Shugaban ya ce Manu ya koma wurin sana'arsa. Manu ya dube ni, ya ce Allah ya sa mu dace, ya juya. Wani direba daga baya ya tambaya ko tasa motar ma na cire mata abin. Na ce na cire. Wani ma ya tambaya. Na ce duk wanda ya kawo mini 'yar Kwatano na cire mata.

Cikin mako guda garejin ya zama fili. Wanda ya bar mota don gyara ya zo ya jawo abarsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wurin waɗanda na koya wa aiki suka koma, su kuma irin gyaran da na koya musu suke yi. Ban ga laifin kowa ba. Na zauna kwana da kwanaki a ƙarƙashin bishiyar garejin da sifanu a gabana, ina tunanin cewa ko mutane sun dawo, motocin da ke shigowa yanzu duk masu ƙwaƙwalwa ne, ni kuwa ban san harshensu ba. Ranar da aka yi ruwan farko na gaya wa mahaifiyarku zan tafi Kandi in roƙi Isiyaka ya koya mini. Tana tankaɗe, ba ta daina ba.

"Da hurhurarka za ka koma yaron gareji?"

"Da ita."

"Har yaushe?"

"Sai na iya."

"To, ka tahi. Amma ka sani kai can za ka inda ba a san ka ba. Ni ce za ni kasuwa, ni ce za ni biki da suna, ni za a kalla."

Gaskiya ta faɗa, kuma haka aka yi. Wata bakwai na yi a Kandi, ita ta riƙe ku. Ta riƙa sayen shinkafa shanshera tana turarawa tana kai wa inji tana sayarwa, hannuwanta har yau da tabon tukunyar. Ita ta tsaya a kan fadama aka yi shuka aka yi girbi. In kuka tuna daminar da kuka yi ta cin ɗanwake babu mai, to ita ce. Abin da aka faɗa mata a gidajen biki ba ta taɓa maimaita mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Isiyaka ya so ya ƙi, ya ce yana jin nauyin ya aike ni. Na ce in bai aike ni ba ba zan koya ba. Ya ba ni ɗaki a bayan garejin. Sai da na sayi tabarau kafin na iya ganin rubutun kwamfutar, sannan na riƙa rubuta kalmomin Faransancin da ajami a wani littafi, da ma'anarsu a gefe. A can na gane cewa masana'anta ɗaya takan fitar da mota mai suna ɗaya, amma ciki ba ɗaya ba. Wadda za ta Turai daban, ta Amurka daban, ta Larabawa daban, kowace an auna ta da zafin ƙasar da irin manta da dokarta. 'Yar takardar nan ta jikin ƙofa ita ke faɗin inda aka nufa da mota. Ya kwance wani sabon inji a gabana ya nuna mini hanyoyin mai a ciki, wasu bakinsu bai fi na allura ba. Ya ce na'urori ne suke haɗa su yanzu, tsakanin ƙarfe da ƙarfe ko gashi ba zai shiga ba, shi ya sa suke son siririn mai. Na tuna abin da na juye a ƙasa ina cewa ruwa ne. Ba kullum ne ni ke ƙasa ba. Wata rana aka kawo mota tana wata 'yar ƙara, kwamfuta ta ce lafiya lau, na kara sukundireba na ce boris ne na famfon ruwa. Aka kwance aka tarar haka ne. Isiyaka ya yi ta murna kamar shi ya gano, daga ranar in an kawo mai ƙara sai ya ce a kira Baba.

Na dawo bayan an gama girbi, da tsohuwar kwamfutarsa da ya bar mini. Mai filin garejin ya riga ya ba wani. Na kafa rumfar da kuka sani. Wata na farko babura kawai nake gani, sannan a hankali ma'aikatan ƙaramar hukuma masu sababbin motoci suka fara zuwa, don ba sa son tafiya Birnin Kebbi saboda wuta ɗaya. Garejin bai sake komawa yadda yake ba. Manu ya ci gaba da sayar da gas, amma wasu ba su koma wurinsa ba har ya bar garin, don zargi ya fi wankewa saurin yaɗuwa a tasha. Umaru ya sayar da gangar jikin bas ɗin ga masu kayan gyara, ya koma tuƙa motar wani. Bai sake mallakar tasa ba har ya ajiye tuƙi. Idan muka haɗu a masallaci mukan gaisa, ya tambayi iyali in tambayi iyali, kamar mutanen da suka taɓa zama unguwa ɗaya.

Kowace Juma'a bayan an sauko nakan je in gaida Gwaggo. In na shigo zaure Umaru yakan tashi ya ce yana da uzuri. Ita kuwa ba ta taɓa sake tayar da maganar motar ba. Takan sa in gyara mata matashi, in ba ta labarin abincin Dendawa, ta yi ta mita cewa na rame. Kwanciyar ce ta ci ta a hankali. Ta rasu wata safiyar Talata, kafin azumin shekarar da ta biyo.

Aka yi mata sutura aka sallace ta, muka ɗauke ta zuwa maƙabarta. Mutane sun yi yawa, har daga Ka'oje da Sharabi an zo. Na tsaya daga baya, don ban san matsayina a wurin ba, kuma na lura wasu suna satar kallona. Aka sauke makara a bakin kabari. Umaru ya cire takalmi ya shiga. Liman ya ce wani muharraminta ya shiga ya taya shi. Ƙannen Umaru biyu suna tsaye a gaba, ɗaya har ya fara naɗe hannun riga. Umaru ya ɗaga masa hannu. Ya ɗago kai yana duba fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, har ya hango ni a bayan wani dogon mutum.

"Bello, sauko ka kama mani."

Mutane suka dare. Na cire takalmina na sauka, shi ya kama wajen kai, ni na kama wajen ƙafafun.